Hausar Bakin Ƙofa

Shugaban ƙungiyar iyaye ma'aikata mazauna unguwar Yantala ta nan Yamai, Malam Istifanus. Mai girma wakilin hukumar soja, wanda ya taho da littafi da alƙalami don kada kalmarmu ko ɗaya ta ɓata. 'Yan kwamiti masu kwat a cikin wannan zafi. Iyayena mata, 'yan'uwana maza, ina gaishe ku baki ɗaya, kuma da Hausa, tunda ba a kai ga hana ta ba tukuna.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni dama. Ina kuma gode wa kwamiti bisa shawarar da ya kawo mana, cewa a rufe ajin Asabar inda Malama Dabora take koya wa yaranmu Hausa, maƙwabciyarta Aisa kuma take zagawa da su Babbar Kasuwa su saba da Zabarmanci, a maye gurbinsa da ƙarin Faransanci. Shekara ba ruwa, rumbuna ba hatsi, garuruwanmu sun watse, amma kwamiti ya zauna ya gano cewa abin da ya fi ƙaranci a ƙasar nan shi ne Faransanci. Wannan hangen nesa ya cancanci tafi.

Magana ta farko. Mu mutanen tafiya ne. Takardar canjin wurin aiki ɗaya daga ofisoshin gwamnati na Plateau ta isa mu ɗaure katifa. Ɗiyata Jummai a Agadas aka haife ta, a Difa ta yi rarrafe, a Tilaberi ta shiga lakwal, wato makarantar boko, a Yamai ta cika shekara tara. Gari huɗu, harshe huɗu a bakin ƙofarmu, muka tsare ta daga dukkansu kamar masu tsare yaro daga ƙyanda. Ba ta wasa da 'ya'yan unguwa, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa gaisuwa. Mun yi nasara, jama'a: ta zauna ko'ina, ba ta zama 'yar ko'ina ba.

Magana ta biyu. Kada a ce ba mu koya mata Hausa ba sam. Mun koya mata. Tun da mutanen karkara suka fara kwararowa Yamai saboda yunwa suna buga mana ƙofa, muka ga bai dace babban ma'aikaci ya riƙa tashi daga kujera ba. Sai muka koya wa yaranmu jimla guda, suka haddace ta fes: "Allah ya ba da haƙuri." Wa ke nan da bai koya wa ɗansa ita ba? Ya ɗaga hannu in gani.

To, wata biyu da suka wuce, ina biro, wato ofis, uwarta tana asibiti wurin aiki, wani tsoho ya yi sallama a gidana. Riga ta yage, ƙafa duk faso, ya rame har wuya. Ya ga yarinya, ya fara gaisuwa irin ta mutanenmu, yana tambayar gida, yana tambayar gajiya, yana kiranta matarsa yadda kaka ke tsokanar jika. Jummai ba ta fahimci komai ba, Faransanci kaɗai take ji. Ta yi abin da aka koya mata, cikin ladabi, har da ɗan rusunawa, ta ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ta tura ƙofa ta rufe.

Tsohon nan sunansa Alu. Mahaifina ne. Daga ƙauyenmu na ƙasar Dogondutsi ya taho, bayan shanunsa na ƙarshe sun mutu, kuma irinsa ba ya buga ƙofa sau biyu.

Da na dawo ta siffanta mini shi, na gane ko wane ne. Kwana shida ina nemansa. A sansanin 'yan gudun yunwa na same shi, yana layin kunu da gwangwani a hannu. Na durƙusa da kwat ɗina a cikin ƙasa, na ce, "Baba, tashi mu tafi gida." Ya ce, "Gidan da aka ba ni haƙuri? Na karɓa, na haƙura. Ban ga laifin yarinya ba, bakinka na ji a bakinta. Ranar da ta zo da ƙafarta ta gaishe ni yadda ake gaida kaka, zan shiga." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau tana cina.

Magana ta uku. Za ku ce, kai ba ka iya koya mata? Na gwada. Kallona ta yi tana jiran bugu, domin ba ta taɓa jin Hausa a bakina ba sai in faɗa nake yi. Malama Dabora ce ta buɗe mata baki. Asabar biyar ke nan. Ta iya "ina kwana", ta iya "ina gajiya", ta iya amsawa in an tambayi gida. Abin da ya rage, wanda Malama ta ce za su yi Asabar mai zuwa, shi ne yadda yaro ke neman gafarar babba.

Mai girma wakili zai iya shaida mana, tunda hukumarsa ce ta sanar: ranar Litinin motocin soja za su kwashe mutanen sansani su mai da su garuruwansu. Mahaifina ya riga ya ba da sunansa. Can babu abin da zai ci, kuma ya sani. Asabar ɗaya ta rage mini. Saboda haka, in an zo ƙuri'a, duk mai son a rufe ajin nan ya ɗaga hannunsa sama sosai, kada ya sunkuyar da kai, ya dube ni.

Allah ya shayar da ƙasarmu, ya mai da kowa gonarsa da ƙoshi. Allah ya shirya mana zuriya, ya yi wa wannan taro albarka, ya kai kowa gida lafiya. Allah ya ba tsohona kwanakin da zai ji muryar jikarsa.

Na gode.