Tofin da Na Yi wa Gwandar Kakana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Rikoto, Zuru.

Kakana ya kwana huɗu cikinsa a ɗaure. Don tsokana na yanka masa nunanniyar gwanda, na yi tofin ƙarya a kai, na ce, "Ci, tsoho, kar ka bar mini gadon tsohuwarka." Wallahi da safe ciki ya saki.

Wata nas ta ce aikin gwanda ne, tana sassauta ciki. Amma tsoho ya bi gari yana cewa jikansa malami ne. Jiya abokinsa mai hawan jini ya kawo gwanda in tofa, wai ya zubar da ƙwayoyin asibiti.  Na faɗa musu gaskiya, suka ce tawali'u ne.

Jama'a, yaya zan yi ya koma shan maganinsa?