Ɗigon da ke huhuna da yankan dawa

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Malam Ɗanjuma ne daga Ƙarfi. Ban yi boko ba, 'yata ce ke rubutawa.

Bara tari ya dame ni, aka ɗauki hoton ƙirjina a Zariya. Likita ya ce akwai ɗigo a huhuna kamar ƙwayar dawa: ko a yi tiyata, ko a jira a sake hoto a ga in yana girma. Ɗana Sani ya ce, "Baba, a cire kawai!" Na ce, "Kai, kakanka ya taɓa tuge rabin geronsa yana zaton shibra ce, ciyawar nan mai kama da gero. Ni zan jira."

Likita ya yarda, amma lallai in dawo. Ya faɗi watan Turawa, na ce ya faɗa min da aikin gona. Ya yi dariya ya ce, "Bayan yankan dawa." Ina ɗaure damin ƙarshe na hau mota. Alhamdulillahi, ɗigon bai ƙaru ba. Zan koma da ruwan shuka.

A gaishe min da abokina Alhaji Bala na Musawa, shi ma mai tari. Alhaji, ni ina jira ne likita na duba ni, kai kuwa a gindin darbejiya kake naka jiran. Tashi ka je asibiti.