Kilo Huɗu da Rabi a Ƙarƙashin Gadona

Mama shugabar zumunta, iyayena mata, 'yan'uwana, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku yabi Ubangiji! Kai, wannan Halleluyar taku ta yi sanyi, sai ka ce ba ku karya ba. Ku sake! Yauwa, yanzu na ji.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Talatu, ana ce mini Maman Rahila, ɗinki nake yi a Yalwawa. Wannan da ke ta sharar barci a bayana shi ne Immanuwel. Ku dube shi da kyau, domin shi ne aka ce mini ƙato ne, kuma saura kaɗan in hallaka kaina da shi saboda wata 'yar takarda.

Bari in fara da laifina, don in na ɓoye shi shaidar ba ta cika ba. Ni mace ce mai fahariya da haihuwa. Rahila kafin ruwan zafi ya tafasa na haife ta. Ƙaninta kuwa a bakin ƙofar ɗakin haihuwa ya faɗo, ko zani ban gama kwancewa ba. Sai kaina ya kumbura, na ɗauka ƙarfin bangaskiyata ne. Kun san ni, duk ranar da aka ce a yi wa masu ciki addu'a, muryata ce a sama: "Za mu haihu kamar matan Ibraniyawa! Wuƙa ba za ta taɓa jikinmu ba!" Ina faɗa ina buga ƙafa.

Bara da aka yi wa 'yar'uwarmu Maman Dauda aiki aka ciro mata ɗa, na je barka, na yi mata murmushi, na ɗauki jaririn. Amma a cikin adaidaita, a hanyar dawowa, na ce wa wadda ke kusa da ni, "Da ta riƙe addu'a da kyau, da ba a kai ga wuƙa ba." Da bakin nan nawa na faɗa. Ga ta can zaune a layi na uku, ta riga ta sani, ita ce ma ta ce in faɗa muku.

To, cikin Immanuwel ya shiga wata tara, aka tura ni in yi hoton ciki. Na kwanta, mai hoton ya shafa mini abin nan mai sanyi, yana ta zagaya na'urar yana kallon allo. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Madam, me kike ci ne haka? Yaron nan ai ya kai kilo huɗu da rabi." Ya rubuta ya miƙo mini.

Na kai wa likita. Tsakani da Allah, bawan Allahn nan bai tsorata ni ba. Ya ce, "Za mu sa ido. Ki dawo sati mai zuwa a gwada miki suga, mu sake dubawa. In ya tabbata babba ne ƙwarai, sai mu zauna da maigidanki mu yi maganar aiki." Magana ce mai tsawo, amma ni kalma ɗaya kunnena ya ɗauka: aiki. Ni Talatu? Ni da nake ja wa mata addu'a? Da wane ido zan kalli zumunta?

Ku ji abin da na yi. Daga asibiti ban wuce gida ba, kasuwa na nufa. Ni ban san kilo ba, yadi na sani da kwano. Na je wurin mai shinkafa na ce, "Malam, auna mini kilo huɗu da rabi." Ya ce, "Maman yara, mu nan da kwano muke awo, kwano nawa kike so?" Na ce ni dai kilo nake so, kar ya ƙaru kar ya ragu. Mutumin nan ya gaji da ni, ya ɗauki shinkafar a leda muka tafi har rumfar mai kifin ƙanƙara, aka ɗora a sikelinsa, ana zubawa ana ɗebewa har allura ta tsaya. Suna ta dariya, sun ɗauka wani sabon girki na koyo.

Na rungumi ledar nan a ƙirjina. Na ce a zuciyata, wannan ne zai fito ta jikina?

Na kai ta gida na tura ƙarƙashin gado. Ban gaya wa Baban Rahila komai ba, takardar ma a cikin akwatin zare na ɓoye ta. Kullum da safe in ya hau babur ya tafi makarantar da yake koyarwa a Kiyawa, sai in jawo ledar, in ɗora a cinya, in yi ta kuka. 'Yan'uwa, na daina duban Ubangiji, ledar shinkafa nake duba.

Daga nan Shaiɗan ya kawo mini dabara, ya kuma sa mata kayan coci. Na ce zan shiga azumi da addu'a. Amma Allah ya sani, ni ma na sani, ba fuskarsa nake nema ba. So nake in hana yaron abinci ya rame, ya fito da sauƙi, sunana ya tsira. Tun safe har yamma ko ruwa sai in kurɓa kaɗan. Da yamma in maigida ya dawo, in ɗan taɓa tuwo loma biyu, in ce ƙwannafi ke damuna. Ranar da likita ya ce in koma ta zo ta wuce, ban je ba.

Muna da maƙwabciya, dattijuwa Bafulatana, Musulma, duk layin Inna muke ce mata. Tun cikin yana ƙarami kullum sai ta aiko mini da fura da nono mai kyau, na shanun danginta. Sai na koma ina juye wa yara. Rannan ta shigo da kanta ta kama ni da ƙwaryar a gaban Rahila. Ta ce, "Talatu, furar tawa ce ba ta yi miki ba?" Na ce, "A'a Inna, azumi nake." Ta riƙe haɓa ta ce, "Azumi? Da wannan cikin? Ke 'yar nan, ko mu da azumi yake farilla a kanmu, an yi wa mai ciki sauƙi in za ta wahala. Wane malamin naku ne ya sa ki?" Gaskiya babu wanda ya sa ni. Na ce mata kawai tsakanina da Allahna ne. Ta girgiza kai ta fita.

Kwana tara na yi a haka. A rana ta tara, wajen azahar, ina kan keke ina ɗinka wa wata mata riga, sai na ga allura ta zama biyu. Na miƙe in sha iska. Abin da na sani ke nan.

Inna ce ta ji faɗuwata ta katanga. Tsohuwar nan da ke tafiya da ƙyar, ita ta fita titi ba mayafi ta tsayar da adaidaita, ta sa aka ɗauke ni. Na farfaɗo na gan ni a gadon asibiti ana ƙara mini ruwa, an ɗaura wani abu a cikina ana sauraron bugun zuciyar yaro. Baban Rahila yana tsaye, rigarsa duk alli, idonsa ya yi ja. Tun safe ban ji motsin yaron ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na manta da zumunta, na manta da wuƙa, na manta da sunana. Ɗana kawai nake so ya motsa.

Sai na'urar ta kama: dum, dum, dum, dum, da sauri. Yana nan! Yana da rai! Ku ce Halleluya mana!

Malamar da ke kula da ni, wata babbar ungozoma da ake ce wa Sista, ta ja kujera ta zauna. Ta ce jinina ya yi ƙasa, jikina ya bushe, in gaya mata gaskiya. Na gaya mata komai, har da shinkafar. Na ɗauka za ta zage ni. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗaure fuska.

Ta ce, "Maman Rahila, an ce ke tela ce ko? To in aka ba ki awon kan mutum, da na cikinsa, da tsawon cinyarsa, ba ki gan shi da ido ba, aka ce ki faɗi nauyinsa, za ki faɗa daidai?" Na ce, "Sai dai in kintata." Ta ce, "To abin da na'urar take yi ke nan. Babu sikeli a cikinki. Kai take aunawa, da ciki, da ƙashin cinya, sai ta yi lissafi. Kuma in ciki ya tsufa, yaro ya cika wuri, kansa ya sauka ƙasa, awon ya fi wuya. In aka ɗan kuskure wajen auna cikin yaron, lissafin sai ya yi tsalle. Rabin kilo sama ko ƙasa ba abin mamaki ba ne, wani lokacin ma ya fi haka, musamman in an ce yaro babba ne. Sau da yawa yana zuwa kusa, shi ya sa muke yi. Amma ba shi kaɗai muke dubawa ba. Muna taɓa cikin da hannu, mu gwada suga, mu tambayi yadda kika haihu a baya. Shi ya sa likita ya ce ki dawo. Ke kuma kika tafi wurin mai kifi!"

Ta ƙara da cewa, "Yunwar nan da kika yi ba ta sauƙaƙa miki komai ba. Ƙarfin da za ki yi naƙuda da shi kika zubar, kika kuma sa yaron cikin haɗari."

Da yamma sai ga wata ta shigo da kula a hannu. Wa kuke tsammani? Maman Dauda. Faten wake ta kawo mini da alayyafo. Hannuna da allurar ruwa, don haka ita ta zauna a bakin gado tana ba ni a baki kamar yarinya. A loma ta uku na kawar da kai. Na fashe da kuka na gaya mata abin da na faɗa a kanta a cikin adaidaita.

Ta ce, "Na sani, Talatu. Maganar ta dawo mini tun kafin a cire mini zare. Na yi kuka, amma na bar wa Yesu." Ta ɗan ɗaga rigarta ta nuna mini tabon. Ta ce, "Ta nan Allah ya bi ya ba ni Dauda. Ba na jin kunyarsa. Buɗe bakinki ki ci."

A wurin muka riƙe hannu muka yi addu'a. Ban yi ihu ba, ban buga ƙafa ba. Na ce, "Ya Yesu, ka gafarta mini. Na yi girman kai da kyautarka, na yi ƙarya da sunan azumi, na raina 'yar'uwata. Yaron nan naka ne. In ta wuƙa ka ga dama ya fito, na yarda, ka riƙe hannun likita. In ta wata hanya ce, na yarda. Ka ba ni shi da rai kawai." Ina rufe baki, yaron ya harbe ni a haƙarƙari, harbi mai kyau! Maman Dauda ta ji a hannunta, ta yi tsalle tana guɗa har Sista ta leƙo ta ce mu tuna asibiti muke.

Kashegari aka gwada suga, babu. Aka sake hoton, wata mata ce ta yi wannan karon, ta ce bai kai kilo huɗu ba. Ciki ɗaya, yaro ɗaya, lamba biyu! Likita ya ce za a bar ni in gwada da kaina, amma a asibiti, in an ga abin ya tsaya za a shiga da ni. Na ce na amince, kuma har zuciyata na faɗa. Na koma gida na ci abinci kamar mai hankali. Furar Inna kuwa, ko ɗigo yara ba su ƙara samu ba.

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, naƙuda ta zo. Wannan karon na sha wuya, ba irin ta da ba, jikina bai gama dawowa ba. Amma kafin la'asar na ji kukansa. Sista ta ɗora shi a sikeli na gaske, ta juyo tana dariya ta ce, "Maman Rahila, kilo uku da ɗigo shida. A aika wa mai kifi?"

Yabo ga Ubangiji! Yabo ga Ubangiji!

Kada wata ta fita daga nan ta ce Talatu ta ce hoton ciki ƙarya ne. Ban ce ba. Matar da ke gadon kusa da ni, abin da hoto ya faɗa kusan shi ta haifa, kuma aiki aka yi mata, da ita da ɗiyarta suna lafiya. Ku je awo, ku yi hoto, in an ba ku lamba ku tambaya a yi muku bayani, in an ce ku dawo ku dawo. Kada ku ɓoye wa mazanku takarda a akwatin zare. Lambar kintace ce ta masu ilimi, tana da amfani, amma wanda ya san nauyin ɗanki tun kafin a ɗora shi a sikeli shi ne wanda ya gina shi a cikinki. Ku dogara gare shi, ko ta wace ƙofa ya zaɓa.

Na gode wa Allah saboda Inna, da Sista, da maigidana da ya yafe mini, da Maman Dauda da ta ciyar da bakin da ya zage ta. Ɗaukaka duka ga Yesu.

Saura magana ɗaya. Kuna jin ƙamshin da ke shigowa ta taga? Ledar nan ce. Jiya na jawo ta daga ƙarƙashin gado, ni da Maman Dauda muka tsince ta, yau da safe muka yi dafa-duka. Kilo huɗu da rabi cif, ba wadda za ta tafi gida sai mun cinye ta tas. Masu ciki su fara zuwa gaba, kuma kowacce faranti biyu!

Cikin sunan Yesu. Amin!