Hannun da Ya Je Katsina

A kasuwar Gezawa, bayan kaka, wani dattijo ya miƙa hannun hagu zai karɓi ƙwaryar fura. Mai furar ta janye.

"Malam, da hagu? A garinku haka ake karɓar abinci?"

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Na daman ba ya riƙe komai."

"Ciwo ne?"

"Dambe ne."

"Kowa ya tsufa sai ya ce ya yi dambe. Mu ɗaya muka sani, Jaji. Ya tare wa Gezawa, ya je har Katsina ya tare wa ƙasar Kano. In aka kaɗa takensa, ko tuwo muke tuƙawa sai mu bari."

"Yanzu yana ina?"

"Wa ya sani? Tun da aka kayar da shi a Tofa, makaɗa suka ba wani takensa, mu ma muka koma bayan wancan."

"Ba wanda ya je duba shi?"

"Ina ka taɓa ganin an raka wanda ya faɗi?"

Dattijon ya nuna mata hannunsa na dama.

"Hannun nan ne ya je Katsina. In ba kya son hagun, ajiye min ƙwaryar a ƙasa. Tun ranar Tofa na saba da ƙasa."