Ruwan Majema a Buta

"Ina da takarda, Baba! Ga hatimi. Hukuma ta ba ni izinin zubar da ruwan majemata."

A tashar Falanko ne, muna jiran motar Tanut, wani Alhaji mai majema ke faɗa wa wani tsohon makiyayi haka. Tsohon makiyayin ko kallon takardar bai yi ba.

"Raƙumana ba sa karatu, Alhaji. Taguwa biyu sun yi ɓari tun da ruwanka ya gangaro tafkinmu."

"An auna shi, lafiya lau!"

"Mai awon ya sha? Ni dai ba zan bar tafkin kakana ba."

Aka kira azahar. Tsohon ya tsiyaya wani jan ruwa mai warin fata a buta, ya dire ta gaban Alhaji.

"Na tafkin ne, shi zan kai wa hukuma a Tanut. Takardarka ta halatta alwala da shi?"