Tsoho Yana Ji Tun Litinin

A barandar wani asibiti a Omdurman, inda ake jiran likita kamar yadda muke jiran sojoji su koma bariki, wani magidanci ya miƙa wa dattijo mai tabarau takarda.

"Ustaz, ka iya Turanci? Takardar babanmu ce. Kwana huɗu ke nan idonsa a rufe."

"Kawo. Nan likita ya rubuta konshos."

"Innalillahi! Sunan cutar ke nan?"

"Ba cuta ba ce. Yana cikin hayyacinsa ake nufi. Ya san inda yake, yana jin magana."

"Yana ji? Ai ko motsi ba ya yi."

"Ga shi an rubuta ya faɗi sunansa, har ya nemi shayi."

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin."

"Ustaz, duba da kyau. Babu na rabi da rabi? Wanda yake ji amma ba ya riƙewa?"

"Akwai, amma ba shi aka rubuta ba. Kai ba murna za ka yi ba?"

"Ina murna, wallahi. Sai dai ran Talata ni da ƙanena Sharafaddin muka raba wurin gasa bulonsa da ke unguwar Aljirif, a bakin gadon da yake kwance."

"A gabansa?"

"Ƙafarsa ma muka matsar muka zauna. Har na ce jakinsa ya fi shi sauƙin kai."

"To, shiga ka gaishe shi."

"Bari dai Sharafaddin ya iso. Shi ya ɗauki jakin."