Ruwan Zafi da Tausa

A ɗakin jiran likitan ƙirji, wani magidanci na rungume da jakar mata, wata dattijuwa a gefensa tana murza ƙafarta.

"Malam, jakar nan ta yi maka kyau."

"Ta maiɗakina ce, Mama. Ana ɗaukar hoton huhunta."

"Allah sarki. Tari ne?"

"Lufus ne, ciwon da jiki ke yaƙar kansa. Nata har jini yake daskarar mata. Ƙafarta ta kumbura, na kwana uku ina gasa mata da ruwan zafi ina tausa. Ashe gudan jini ne a jijiya. Ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya gagare ta. Ashe tausa kan iya ɓalle shi."

"Likita ya ce tausarka ce?"

"Bai ce ba. Hannuna kawai ya kalla."

"Ita fa?"

"Wai tunda muka yi aure ban taɓa riƙe ƙafarta ba sai ranar. Har yau godiya take yi. Ta ina zan fara gaya mata?"

Dattijuwar ta janye hannu daga ƙafarta.

"Bar mata godiyarta, ɗana. Amma in ta sake kumbura, takalminta za ka ɗauko ku taho asibiti, ba tukunya ba."